Amsa ga ƙanenmu kan matar LinkedIn mai neman kuɗin gwajin lafiya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, yanzu na shigo gida kuma yatsuna ba za su iya rubuta duk abin da ke bakina ba.

Ƙanena, na saurari abin da ka turo. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, wata mata ce ta yi masa magana a LinkedIn, shafin nan na ma'aikata da masu neman aiki, ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje, wai sun ga takardunsa sun yaba, za su ba shi aiki a Maiduguri, albashi da dala. Aka yi intabiyu ta rubutu a WhatsApp, jiya aka turo masa takardar kama aiki, yau kuma aka ce ya biya naira dubu 48 kuɗin gwajin lafiya da katin shaida kafin Juma'a. Shi ne yake tambaya ko ya biya.

Kada ka biya. Ko sisin kwabo. Na faɗi wannan tun farko don ko da datarka ta ƙare a nan, ka ji mai muhimmancin.

To, bari in gaya maka dalili. Kai ka tafi neman abinci, sai aka ce ka kawo naka tukuna? Majalisar Ɗinkin Duniya kanta tana rubutawa a jikin tallan ayyukanta cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, ba a wajen cike fom ba, ba a intabiyu ba, ba a horo ba. Manyan ƙungiyoyin agajin ma haka suke. In gwajin lafiya ne da gaske, su za su tura ka asibitin da suke hulɗa da shi. Kuma ka duba lambar asusun da aka ba ka. Na rantse ba sai na gani ba, sunan wani mutum ne a ɗaya daga cikin bankunan waya, ba sunan ƙungiyar ba. Ka duba ka gaya mana.

Na ji ka ce, "Yaya, ai a LinkedIn ne, ba Facebook ba." Kai, wannan maganar ita ce jarin ɓarawon gaba ɗaya. Mun ɗauka wurin na masu kwat da taye ne, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26 da ɗoriya, mutanen da ke ciki sun haura biliyan ɗaya, sai muka saki jiki. Amma ka tuna ranar da ka buɗe naka shafin. Wa ya ce ka kawo takardar digirinka? Wa ya kira ofis ya tambaya ko da gaske kana aiki a can? Babu. Ni yanzu in na ga dama, kafin a kira isha'i na zama darakta a kamfanin mai, har da tambarin kamfanin a gefen sunana. Abin da matar nan ta yi ke nan, in ma matar ce. Wataƙila wani ƙato ne mai gemu.

Hoton ma kada ya ruɗe ka. A 2022 wata mai bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Renée DiResta, wata ta yi mata magana a LinkedIn, sai ta lura hoton da ɗan kunne ɗaya ne, gashin ma kamar ya narke a wani wuri. Ita da abokin aikinta suka bi diddigi, suka tono shafuka sama da 1,000 waɗanda fuskokinsu kwamfuta ce ta ƙirƙira, mutanen ba a taɓa haihuwarsu ba. Yawancinsu ma talla ake yi da su. Wancan lokacin ke nan da kwamfutar take kuskuren ɗan kunne. Yanzu ta ƙware, don haka ka daina ɓata lokaci kana zuƙo hoto kana neman aibu.

Kuma don Allah, na ga wasu a guruf ɗin nan sun fara saka alamar dariya. Ku bari. Wanda ya yi shekara uku da gama bautar ƙasa yana zaune, aka ce masa ga aiki, ba wauta ce ta sa ya saurara ba, buƙata ce. Waɗanda suka fi mu sanin kwamfuta ma an kwashe su. Akwai wani kamfanin wasan intanet a Biyetnam, Sky Mavis, masu Axie Infinity. A watan Maris na 2022 aka sace musu kuɗin kirifto na sama da dala miliyan 600, hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta ce 'yan Lazarus ne, wani gungun masu kutsen kwamfuta na Koriya ta Arewa. Ka san ta ina rahotanni suka ce an shiga? Ta wani injiniyansu da aka yi wa tayin aiki a LinkedIn. Aka yi masa intabiyu hawa-hawa, aka turo masa takardar albashi mai tsoka, ya buɗe ta a kwamfuta, ashe manhajar leƙen asiri ce ɓoye a ciki. Injiniya fa. Shi ya sa ma zan tambaye ka, takardar da suka turo maka, a waya ka buɗe ko a kwamfutar shagon da kake taimaka musu? In akwai wata manhaja da suka ce ka sauke don intabiyu, goge ta yau ɗin nan.

Kuma ba wani yaro ɗaya ba ne a ɗaki da waya. Ku tuna a Disambar 2024 EFCC ta kai samame wani bene a Victoria Island a Legas, ta kama mutum 792, ciki har da 'yan Sin 148. Ofis ne sosai, da tebura da kwamfutoci, an ɗauki matasanmu aiki suna buɗe shafukan bogi suna yaudarar mutanen waje da soyayya da zuba jari. Wato sana'a ce mai oga da lokacin tashi. Wanda ke maka magana yana da rubutun da yake bi, kuma wannan "kafin Juma'a" ɗin yana cikin rubutun, don kada ka samu sararin tambayar irinmu.

Ni kaina an taɓa ɗaukar hotona da sunana aka buɗe wani shafin, aka riƙa bin tsofaffin ɗalibaina ana cewa ina da gurbin aiki. Sai da wata ta kira ni tana godiya na san abin da ake ciki. Kunyar da na ji, hmm, a bar zancen.

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka fita daga LinkedIn ɗin kwata-kwata, ka je shafin ƙungiyar na asali, wanda kai ka nemo da hannunka, ba mahaɗin da ta turo maka ba. Ka duba sashen guraben aiki, shin akwai wannan aikin? In babu, magana ta ƙare. Ka dubi adireshin imel ɗin da ta turo takardar da shi, in ya ƙare da gmail, ko an ƙara wani harafi a sunan ƙungiyar, ko an saka "careers" da ɗan layi a tsakiya, to ka gane. A shafinta kuma akwai wurin da LinkedIn suka ƙara tun 2022, yana nuna lokacin da aka buɗe shafin da ko an tantance shi. Wadda ta ce ta shekara goma sha biyu tana aiki amma shafinta watansa biyu, ai ba sai an kira mai duba ba. Sannan ka ce mata kana son ku yi magana ta bidiyo. Ka ga yadda kyamararta za ta lalace nan take.

Abin da ya fi damuna ma ba dubu 48 ɗin ba ne. Ka ce ka cike musu fom. Me ka saka a ciki? In NIN ne da hoton fasfo da ranar haihuwa, da su ake buɗe asusu ko a ci bashi da sunan mutum. In har ka ba da BVN, ko wata lamba ta shigo wayarka ka karanta musu, gobe da sassafe ka je bankinka da ƙafarka, ka yi musu bayani, ka canza lambobin sirrinka. Kada ka ji kunya, sun saba jin irinsa kullum.

Kafin ka toshe ta, ka ɗauki hoton duk hirar da lambar asusun, ka kai ƙarar shafin ga LinkedIn, akwai maɓallin a jikin shafin nata. In ka toshe kawai ka tafi, gobe ƙanwar wani za ta faɗa. Kuma kada ka tsaya zaginta ko nuna mata ka gano ta, ba riba, sai dai ta gyara kuskurenta don na gaba.

Hajiya, na ga kin ce ɗanki ma an yi masa irin wannan maganar amma ta aikin kula da tsofaffi a Ingila. Ki ce ya kira ni, wannan nasa zancen daban ne, kuɗin da ake nema a can ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kai kuma ƙanena, turo min takardar kama aikin da CV ɗinka ta bayan fage, zan duba su bayan isha'i in Allah ya yarda. Sai anjima.