Filin Tambaya da Amsa: Fina-finai Sun Yi Yawa, Wanne Zan Kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya sha min kai, kusan shekara biyu rabona da zama kallo. Yanzu na samu sarari, amma duk inda na duba fina-finai masu dogon zango ne, wani har ya kai fitowa ɗari. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara cire rai da rama duk abin da ya wuce ka. Tun da kasuwar faifai ta mutu, musamman daga kullen korona na 2020, harkar Kannywood ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kuma kowane mako sai an saki sabuwar fitowa. Idan kowace fitowa minti 45 ce, fim mai fitowa 100 zai ci maka awa 75, kwana uku cur da ɗoriya ba barci. Dole ka zaɓa.

Ga gwaji mai sauƙi. Kalli minti goma sha biyar na farkon fitowa ta ɗaya, sai ka tsallaka fitowa ta shida. Idan ka fahimci komai ba tare da na tsakiya ba, jan labarin ake yi. Dalili kuwa kuɗin talla a YouTube yana bin yawan masu kallo da daɗewarsu a kai, don haka wasu furodusoshi ke miƙe labarin da bai wuce awa biyu ba ya zama zango uku. Za ka gane su: mota ta tsaya, a yi hon, maigadi ya fito yana gyara hula, ya buɗe get, a yi fakin, a fito, a gaisa, a tambayi mutan gida, minti uku sun tafi ba a ce komai ba. Ga kuma maimaicin abin da ya faru a makon jiya.

Sai sauti, wanda mutane ke rainawa. Sa abin ji a kunne. In muryar wannan ta fito ta wancan ta nutse, ko ƙarar janareto na biyo maganar, ko kiɗa ya danne zance, an yi aikin cikin gaggawa, kuma da wuya labarin ya tsira daga gaggawar.

Kada fuskar jarumi ta ja ka. Jarumi ɗaya kan fito a fina-finai da yawa a shekara, masu kyau da marasa kyau. Nemi sunan marubuci da na darakta, ka tuna aikinsu na baya. Tirela kuwa talla ce, an tsinto mafi daɗin wuraren an haɗa da waƙa. Wanda ya kalli fim har ƙarshe shi za ka tambaya, kuma tambaya ɗaya ta isa: an warware labarin, ko an bar shi a rataye ana jiran sabon zango?

Tambaya: Na ga an ba wani fim ɗin Amurka kashi 90 cikin ɗari a intanet, na kalla ban ga abin yabo ba. Ƙarya suke yi? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ba ƙarya ba ce, ma'anar lambar ce ta bambanta da yadda ka ɗauka. A Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin masu nazarin fina-finai, kashi 90 na nufin cikin masu sharhi ɗari, casa'in sun ce fim ɗin ya fi kusa da kyau. Ko da duk cewa suka yi "ba laifi", lambar za ta hau. A IMDb kuma, wani shafin bayanan fina-finai, masu kallo ne ke ba da maki daga 1 zuwa 10, sai ka duba mutum nawa suka jefa ƙuri'a. Maki 9 daga mutum ɗari uku bai kai maki 7.5 daga mutum dubu ɗari ba. Makon farko masoyan jarumi ne ke cika wurin, abin ya fi yawa a fina-finan Indiya, don haka ka jira mako biyu ko uku makin ya zauna.

Tambaya: Muna kallo tare da yara a falo, sau da yawa sai an yi nisa abin kunya ya faɗo. Yaya zan sani tun kafin a kunna? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, wannan damuwa ce ta gaske, kuma tana da magani. Fina-finan Amurka na ɗauke da alama: G na kowa ne, PG da kulawar iyaye, PG-13 a yi hattara da 'yan ƙasa da sha uku, R na manya ne. Na Indiya U na kowa, UA da kulawar iyaye, A na manya zalla. A shafin kowane babban fim a IMDb akwai sashen jagorar iyaye, inda ake lissafa tsiraici, zubar da jini da zagi, wuri bayan wuri. Minti biyu ya ishe ki dubawa.

Ki kula da fassarar Indiya-Hausa. Mai fassara na iya tausasa magana ya sa barkwanci, amma hoton yana nan yadda yake, kuma fina-finan faɗa na kudancin Indiya ba sa wasa da jini. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba na Hausa, sai dai fim ɗin waje da aka turo a waya ba lallai ya bi ta hannunta ba.

Tambaya: An tura min sabon fim, hoton dishi-dishi, wani kuma a talabijin ya ƙi yin magana. Mene ne matsalar? Daga mai karatu a Zangon Kumasi.

Amsa: Na farkon, duba sunan fayil ɗin. In ka ga CAM ko HDCAM, da kyamara aka sato shi a cikin sinima, shi ya sa hoton ke karkace, kana jin mutane na tari, wani lokaci kan wani ya gifta. Kada ka ɓata fim mai kyau da wannan, ga kuma haƙƙin masu shi. Na Indiya kan iso manhajojin kallo bayan mako huɗu zuwa takwas da fitowa a sinima. Na Hausa kuwa ka kalle su a tashar masu su, ta nan 'yan kuɗin da za su yi na gaba ke shigowa.

Rashin magana yawanci daga nau'in sautin ne, irin su DTS ko EAC3, da tsofaffin talabijin ba sa karantawa. Haka fayil mai x265 (wani nau'in matse bidiyo) kan ƙi buɗewa ko ya riƙa tsayawa a ƙaramar waya. Manhajar VLC na buɗe mafi yawansu, a talabijin kuma ka nemi mai x264. Idan fim ya haura giga 4 ya ƙi shiga filashi alhali akwai wuri, tsarin FAT32 da filashin ke kai ne ya hana. Kwashe kayanka tukuna, domin sauya shi zuwa exFAT na goge komai. Game da data, a Netflix matsakaicin hoto na cin kusan mega 700 a awa, mai tsabta sosai har giga 3. A fuskar waya 480p ya wadatar.