A bar yaron shago ya saro kaya da kansa?

Alhaji, ka tambaya ko ka bar yaron shagonka na kasuwar Kejetia da ke Kumasi ya riƙa saro kaya ba sai ya kira ka ba. Ni dai na ce ka bar shi, amma da littafi.

Shi ke gaban masu saye, ya san atamfar da ake nema kafin Sallah. Kai kana unguwar Aboabo, sai labari. Yanka masa iyaka, a ce sidi 2,000, abin da ya haura ya tuntuɓe ka. Duk Juma'a ku gwada littafin da saƙonnin MoMo (kuɗin da ake turawa ta waya): wane zane ya tafi, wanne ya yi wata biyu yana shan ƙura. Nawa yaron, littafin ne ya tona cewa ya fi ni ido a shadda.