Tambaya da Amsa: Tsutsotsi sun bayyana a sabon tankin kifina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Na haɗa tankin kifi na gilas a falo kwanan nan, na zuba tsakuwa da ciyayin ruwa da mai shagon ya haɗo min da su da ƙananan kifi guppy guda shida, toh jiya da safe ina kunna fitila sai na ga wasu fararen tsutsotsi sirara kamar zare suna ta mutsu-mutsu a cikin ruwan wasu kuma sun manne a jikin gilas, wallahi duk tsigar jikina ta tashi. Maigida ya ce a zubar da komai a wanke da omo a sake sabo. Shin za su kashe min kifin ne? Kuma akwai yara a gidan. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Da farko dai a ba maigida haƙuri a ajiye omon nan, sabulu ko kaɗan ne ya rage a jikin tsakuwa ya isa ya hallaka kifi, kuma wankin zai kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suka fara zama a filta (matatar ruwan tanki) da tsakuwa, waɗanda su ne ke sarrafa ammoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi. Sabon tanki yana ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu, in kika wanke kin koma farko kenan.

Yanzu ki samu tocila ki tsaya ki kalle su da kyau, yadda suke tafiya shi zai gaya miki ko su waye. Yadda kika siffanta su, sirara farare suna lanƙwasa jiki suna iyo, kusan tabbas waɗanda masu kiwon kifi ke kira detritus worms ne, dangin tana ne na ruwa, suna zaune cikin tsakuwa suna cin ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye, ba sa taɓa kifi ba sa taɓa mutum, guppy ɗinki ma in suka ji yunwa cinye su za su yi. Sun biyo ciyayin ne ko tsakuwar daga shago, kusan kowane tanki yana da su sai dai ba a ganinsu. Abu biyu ke fito da su fili: abinci ya yi yawa sun hayayyafa, ko iskar oksijin ta yi ƙasa a ƙasan tankin sun gudo sama neman numfashi. Wannan na biyun mu nan ya fi damunmu, an ɗauke wuta tun dare filta da famfon iska sun tsaya ga zafi, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, shi ya sa da safe ake yawan ganinsu sun hau gilas. Ƙaramin famfon iska mai batir ko mai caji da USB zai rage miki wannan sosai.

Amma na jikin gilas ɗin su nake so ki fi lura da su. In kin ga mai faɗi a baje, ba ya mutsu-mutsu sai dai ya riƙa sulalewa a hankali, kansa mai kusurwa uku kamar kan kibiya da ɗigo biyu kamar idanu, toh planaria ce. Ita ma ba ruwanta da lafiyayyen babban kifi, amma tana cin ƙwan kifi da ƙananan jatan lande in ana kiwonsu. Kar ki murƙushe ta a jikin gilas, in ta rabu biyu kowane ɓari sabuwar tsutsa zai zama. Tarko ake mata, ki samu ƙaramar robar ruwa ki huda 'yan ƙananan ramuka ki sa ɗan guntun nama a ciki ki nutsar da ita da dare a kashe fitila, da asuba ki ciro ki zuba musu tafasasshen ruwa. In kuwa kan nata a zagaye yake kuma 'yar mitsitsiya ce, wata danginta ce mara cutarwa, ki rabu da ita.

Akwai kuma tsutsar sauro, wadda ke rataye kai ƙasa a saman ruwa, da an taɓa gilas ta nutse tana fizge-fizge. Tunda akwai guppy a ciki ba za ta kai labari ba. Sai dai dan Allah kar a fesa maganin sauro ko fiya-fiya kusa da tanki a buɗe, wannan ya fi kowace tsutsa saurin kashe kifi.

Maganin naki dai rage abinci ne, kuma na san yara ne ke ta zubawa don su ga kifi na rububi. Sau ɗaya a rana ya isa, iya abin da za su cinye cikin minti 2, ki ma yi musu fashin kwana ɗaya ko biyu yanzu ba abin da zai same su. Duk sati ki sa tiyo ki zuƙe dattin cikin tsakuwa ki canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in ruwan famfo ne ki sa maganin cire kulorin kafin ki zuba. Soson filta kuma a cikin ruwan tankin da kika cire za ki ɗauraye shi. Ba ranar farko za su ɓace ba, a hankali za ki ga suna raguwa. Ni ba na goyon bayan a ruga a zuba magani irin su fenbendazole tun ba a san me ake kashewa ba, yana kashe katantanwa, sannan gawar tsutsotsin ta ruɓe ta ɗaga ammoniya a tankin da bai gama kafuwa ba.

Inda hankali ke tashi shi ne in tsutsar a jikin kifin take, misali jan zare yana leƙowa ta duburarsa kifin yana ramewa, wannan camallanus ce mai zama a hanji kuma tana yaɗuwa, ita ce ake sa wa maganin tsutsa levamisole a kuma maimaita bayan 'yan makonni, ki nemi likitan dabbobi ya auna miki daidai da litar tankinki.

Batun yara kuwa, su wanke hannu da sabulu in sun taɓa ruwan, mai rauni a hannu kar ya tsoma. Kuma kar wani ya ɗebo miki ciyawa ko katantanwa daga kududdufi ko rafi wai a ƙawata tankin, wasu katantanwar ruwanmu su ke ɗauke da cutar tsargiya, ga matsattsaku da ke iya biyowa.