Gudu ko keken ɗaki? Amsoshin likita ga masu karatu

Likita, tsakanin gudu da keken motsa jiki na cikin ɗaki, wanne ya fi rage ƙiba? Ma'aikaci ne ni, a unguwar Zaria ta Maradi.

Malam, in lokaci ɗaya ka ba su, gudu ya ɗan fi. Mai kilo 70 da ya yi gudun kilomita 5 yana ƙona kalori wajen 350, rabin awa a kan keke da matsakaicin ƙarfi kuwa wajen 250. Sai dai kilo ɗaya na kitse ya kai kalori 7,700, don haka in ana dawowa ana shan lemon kwalba da fura mai sukari, aikin baya yake komawa. Ka ɗauki wanda za ka iya yi rabin awa, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi.

Shekaruna 52, nauyina kilo 98, gwiwoyina suna ciwo in na tashi daga sujada. In fara gudu?

A'a Hajiya, ba yanzu ba. A kowane taku na gudu, ƙafa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a kan keke kuwa sirdi ne ke ɗauke da ke. Abin da ke ɓata wa mutane gwiwa a keke shi ne sirdi ya yi ƙasa. Ki zauna, ki ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai, tsayin ya yi daidai, kuma da kin mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar za ki ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa. Ki fara da minti 10, kada ki ɗaure keken ya yi nauyi, ki riƙa ƙara minti biyu ko uku duk mako. Ki haɗa da tafiya a ƙasa, domin keke ba ya ƙarfafa ƙashi yadda taka ƙasa ke yi, mace kuma bayan ɗaukewar al'ada ƙashinta yana raguwa. In gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi, ki je asibiti a duba kafin ki ci gaba.

Abokaina sun ce in naɗa leda a ciki, in sa rigar ruwa, in yi gudu da rana don kitse ya narke. Wasu suna shan tramol kafin su fita, wai ba a jin gajiya. Shekaruna 23, daga unguwar Bagalam a Maradi.

Ɗana, wannan tambaya ce ta fi tayar mini da hankali. Gumi ruwa ne da gishiri, babu kitse a cikinsa ko ɗigo. Wanda ya zubar da lita ɗaya ta gumi zai ga sikeli ya ragu da kilo ɗaya, yana shan ruwa kilon ya dawo. Kitse jiki ne ke ƙona shi a hankali, mafi yawansa ya fita ta numfashi, kuma bai damu da inda ka naɗa leda ba.

Gumi yana sanyaya jiki ne idan ya bushe a kan fata. Leda tana hana shi bushewa, sai zafi ya taru a ciki. A Maradi, cikin Afrilu da Mayu, rana tana wuce digiri 40 tun kafin ka ƙara mata leda. Idan zafin jiki ya haura 40, ƙwaƙwalwa takan rikice, mutum ya fara surutai ko tangaɗi ya faɗi, ƙoda da hanta su taɓu. Ana mutuwa da wannan, har matasa masu ƙarfi. Duk wanda kuka ga ya shiga wannan hali, ku kai shi inuwa, ku tuɓe masa kaya, ku yi ta kwara masa ruwan sanyi kuna fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa.

Tramol kuwa, haba! Ciwo da gajiya su ne ke gaya maka ka tsaya, shi kuma rufe musu baki yake yi, sai ka ci gaba da gudu a kan rauni. Yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, ga shi yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Haka masu sayen Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, a hannun masu tallar magani don su rame: ruwa da gishirin jiki suke zubarwa, bugun zuciya na iya rikicewa. In bayan motsa jiki fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi, ga ciwon tsoka mai tsanani, ka tafi asibiti a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari.

Ka yi gudunka bayan sallar asuba da riga mara nauyi. Ka fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, har minti 20, kwana uku a mako. Ka sha ruwa kamar rabin lita awa biyu kafin ka fita. Mai keke ma bai tsira ba: ɗakin kwano babu iska yana dafa mutum, don haka a sa fanka a gaba, in an ɗauke wuta a fito da keken tsakar gida.

Ina da tansiyon, wato hawan jini, ina shan magani. Wanne ya dace da ni?

Alhaji, keke ko tafiya da sauri. Ka auna kafin ka fara: in ta kai 18 bisa 11, wato 180 bisa 110, kada ka hau, ka ga likitanka. Ka yi da ƙarfin da za ka iya magana kana yi. Kada ka bar magani don ka fara motsa jiki. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, ka tsaya, asibiti kai tsaye.

Mai ciwon sukari fa?

Duka biyun suna sauke sukari. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide kada ya fara da yunwa, ya riƙe ƙwayar sukari uku ko dabino a aljihu saboda rawar jiki da gumin sanyi, alamar sukari ya sauka da yawa. Mai gudu ya duba tafin ƙafarsa kullum, ƙaramin gyambo ma a kai shi asibiti.

Ƙurar hunturu tana tayar mini da asma in na yi gudu.

Ƴata, ranar da hazo ya rufe gari ki koma keke a ɗaki, maganin shaƙarki yana kusa da hannu.

Gaskiya ne keke yana rage ƙarfin namiji?

Rabin awa a rana ba ya yin haka. Sirdi mai tsini ko wanda bakinsa ya ɗaga sama yana danne jijiyoyin da ke tsakanin cinyoyi, wurin ya yi sanyi kamar ya mutu. Ka daidaita sirdin ya kwanta sosai, ka riƙa miƙewa a kan feda duk minti 10. In abin bai wuce ba bayan ka sauka, ka zo a duba ka, musamman sukari da tansiyon, domin su ne suka fi kawo wannan matsala. Kada ka nufi masu maganin maza na bakin tasha.