Tambaya da Amsa: Me ƙasa ke samu, me take rasawa a ƙungiya irin ECOWAS?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar wake da aya tsakanin Maraɗi da kasuwar Dawanau. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS ake ta gardama a tasha, wasu na cewa sun huta, wasu na cewa sun tafka asara. Don Allah a fayyace mana ribar zama cikin irin wannan ƙungiya da kuma illarsa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: buɗe iyaka ga mutane da kaya, haɗa kuɗin fito na kwastan, da haɗa takardar kuɗi. ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, kuma na farko da na biyu kaɗai ta cim ma. Na ukun yana hannun UEMOA, ƙungiyar ƙasashe 8 masu amfani da sefa. Nijar ta bar ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, amma tana nan cikin UEMOA, shi ya sa sefar da kake canzawa a Jibiya ba ta sauya ba.

Ribar da talaka ya fi gani ita ce yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Sai tsarin ETLS, wanda ya ɗauke kuɗin fito daga kayan da aka samar a cikin yankin. Amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu suna wucewa ba tare da takardar shaidar asali ba, takardar lafiyar tsiro ko ta likitan dabbobi ake nema. Kayan masana'anta kuwa sai kamfani ya nemi amincewar kwamitin ƙasarsa, a yi masa rajista, sannan kowane lodi ya tafi da takardar shaidar asali. Ana karɓar kaya a matsayin na gida idan aƙalla kashi 60 cikin 100 na ɗanyen kayan daga yankin suka fito, ko kuma aikin da aka yi a gida ya ƙara musu daraja da kashi 30. Wanda ya sayo kaya daga Sin ya sauya musu kwali kawai bai cika sharaɗi ba.

A ɗauki lodin kaya na naira miliyan 10 da ake biya wa kuɗin fito na kashi 20 cikin 100. In daga wajen yankin ya zo, kuɗin fito miliyan 2 ne, ga harajin ƙungiya na rabin kashi ɗaya, wato naira 50,000. In a Gana aka ƙera shi kuma takardunsa sun cika, duka biyun sun faɗi, sai harajin VAT da kayan gida ma ke biya. Wannan ratar ce ke sa mai kuɗi ya kafa masana'anta a yankin, domin ya san kasuwarsa ba ta tsaya a ƙasa ɗaya ba.

Amma kai ka fi kowa sanin inda gizo ke saƙar. Doka ta ce babu kuɗin fito, hanya kuma cike take da shingaye, kowane shinge da na goronsa. Tirelar albasa da ta kwana uku a bakin iyaka cikin zafi, ƙasan buhunan ya fara ruɓewa, asarar ta fi kuɗin fiton da aka yafe. Yana daga cikin dalilan da suka sa cinikin da ƙasashen yankin ke yi da junansu bai haura kashi 15 cikin 100 na duk cinikinsu ba a lissafin hukuma. Ɗaya dalilin shi ne kusan kowa ɗanyen kaya yake fitarwa, fetur da zinariya da koko da auduga, masu sayensu kuma suna ƙetare.

Abin da ƙasa ke biya kafin ta ci wannan riba shi ne ikonta. Tun Janairun 2015 ake aiki da kuɗin fito na bai-ɗaya mai aji biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Ƙasar da ta sa hannu ba za ta tashi da safe ta ƙara wa wani kaya haraji yadda take so don kare manomanta ba. Gwamnatin da ta dogara da kwastan wajen biyan albashi tana rasa kuɗin shiga, kuma ƙasa mai ƙarancin masana'antu kan zama kasuwar maƙwabciyarta mai wutar lantarki da tashar ruwa. Shinkafa ta nuna yadda tsarin ke tsagewa. Aji na kashi 10 aka sa ta, Najeriya ta ɗora ƙarin haraji mai nauyi a kai, sai shinkafar waje ta riƙa sauka a Kwatano tana shigowa ta ɓarauniyar hanya. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har Disambar 2020, mai fasa-ƙwauri da mai halastaccen kaya duk aka tsayar da su. Wannan babbar illa ce da ba a rubuta a yarjejeniya ba: babbar ƙasa tana iya take doka ta zauna lafiya, ƙaramar ce ke kwana a ciki. Haka a 1983 Najeriya ta kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma, dokar Gana ta 2013 kuma ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwa ga 'yan ƙasa, har aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara.

Haɗa takardar kuɗi ya fi duka nauyi. An ɗaure sefa da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya, saboda haka farashi bai cika tashin gwauron zabi ba, ɗan kasuwan Yamai kuma yana biya a Lome ko Dakar ba tare da ya je wurin 'yan canji ba. Amma ƙasa ba ta da ikon buga kuɗi ko rage darajarsa ita kaɗai, kuma hukuncin da aka yanke yana hawa kan kowa, kamar a Janairun 1994 da aka zaftare rabin darajar sefa a dare ɗaya. Kuɗin Eco da ECOWAS ke son fitarwa an sha ɗage shi saboda ƙasashe sun kasa cika sharuɗɗa irin su riƙe giɓin kasafi a kashi 3 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa.

Sai takunkumi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa an rufe wa Nijar iyakoki, BCEAO, babban bankin ƙasashen UEMOA, ya riƙe kuɗaɗen gwamnati, Najeriya ta yanke wutar da ke ba ƙasar kusan kashi 70 na abin da take amfani da shi. Magani da abinci suka yi tsada, mutanen Illela da Jibiya da Maigatari ma suka ji a jikinsu, har aka ɗage a Fabrairun 2024. Masu cewa an huta wannan suke tunawa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba.

A ganina ƙasar da ba ta da teku ita ta fi buƙatar ƙungiya, domin kayanta dole su ratsa ƙasar wani, ficewa kuma ba ta matso da teku kusa. Sai dai ita ce kuma ta fi shan wuya in aka juya mata baya.

Game da harkarka, ECOWAS ta sanar lokacin ficewar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, da barin kayan ƙasashen uku cikin ETLS, har sai an yanke wani hukunci. Wannan sassauci ne da za a iya janyewa kowane lokaci. Sannan a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Don haka kafin ka biya kuɗin lodi, ka tambayi ofishin kwastan na Ɗan Isa matsayin wake a wannan makon, ka riƙe takardar lafiyar tsiro da rasiɗin sayen kaya, direbanka kuma ya tabbatar katin inshorar ƙetare iyaka bai ƙare ba.