Sunayen Sifaniyawa, harshen Ingilishi: wane yare ne na 'yan Filifin?

Tambaya: A bara na yi jinya a wani asibiti a Jidda, inda yawancin ma'aikatan jinya 'yan Filifin ne. Na lura sunayensu irin su Santos da Reyes na Sifaniyawa ne, amma da Ingilishi suke yi mini magana, kuma idan suka keɓe sai su koma wani yare da ban taɓa ji ba. Wane harshe ne nasu na asali? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ƙara lafiya. Ƙasar Filifin tsibirai ce sama da 7,000, kuma ana magana da harsuna fiye da 150 a cikinta, waɗanda mafi yawansu dangin harshen Malay ne. Manyan su ne Tagalog na yankin Manila, da Cebuano, da Ilocano, da Hiligaynon. Kundin tsarin mulki na 1987 ya ayyana Filipino, wanda aka gina a kan Tagalog, a matsayin harshen ƙasa, sannan shi da Ingilishi su ne harsunan aikin gwamnati. Zai yiwu Tagalog ka ji, ko da yake idan 'yan tsibiri ɗaya suka haɗu, yaren garinsu suke komawa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda Sifaniya ta mulki ƙasar shekara 333, daga zuwan Legazpi, jagoran ayarin da ya kafa mulkinta a can, a 1565 har zuwa 1898, amma harshenta bai zama na talakawa ba. Dalili shi ne Sifaniyawan da suka zauna a can ba su da yawa, kuma limaman coci, waɗanda su ne ke cuɗanya da jama'a a ƙauyuka, sun zaɓi su koyi yarukan mutane su yi wa'azi da su maimakon su koyar da nasu. Littafin koyar da addinin Kirista da aka buga a Manila a 1593 yana ɗauke da Sifaniyanci da Tagalog, har da tsohon rubutun gargajiya da ake kira baybayin, wanda haruffan boko suka ture daga baya. Sai a 1863 aka yi dokar kafa makarantun gwamnati, lokacin da mulkin ya riga ya tsufa.

Duk da haka Sifaniyanci ya bar tabo a bakin kowa. Gaisuwar kumusta daga cómo está ta fito, kujera silya ce, cokali kutsara, taga kuma bintana, sannan har gobe da lambobin Sifaniyanci ake faɗin lokaci, a ce alas-dos idan ƙarfe biyu ta yi. A birnin Zamboanga ma akwai Chavacano, yaren da ya tsiro daga cakuɗuwar Sifaniyanci da harsunan gida.

Sunayen kuwa ba sa nuna jini. Waɗanda suka shiga Kiristanci sun riƙa ɗaukar sunayen addini kamar de los Santos da de la Cruz, har abin ya rikita masu karɓar haraji, shi ya sa a 1849 Gwamna Narciso Clavería ya sa aka raba wa iyalai sunaye daga wani kundi da aka tsara.

Ingilishi kuwa tare da Amurka ya zo, bayan Sifaniya ta miƙa mata ƙasar a yarjejeniyar Paris ta 1898 a kan dala miliyan 20. A 1901 malamai kusan 500 suka iso a jirgin ruwa mai suna Thomas, aka buɗe makarantu da Ingilishi a matsayin harshen koyarwa, kuma a ganina wannan ne ya sa Amurka ta cim ma a ƙasa da shekara 50 abin da Sifaniya ba ta yi ba a ƙarni uku. Shi ne kuma ya buɗe wa ma'aikatan jinyar da ka gani ƙofar aiki a ƙasashen waje.

Kudancin ƙasar yana da nasa tarihin, domin Musulunci ya riga Sifaniyawa isa Sulu da Mindanao, inda ƙabilun Tausug da Maguindanao suka daɗe suna rubuta harsunansu da haruffan Larabci, kamar yadda muke yi da ajami. Kalmar godiya da ake amfani da ita a Tagalog, wato salamat, daga Larabci ta samo asali, ta hanyar harshen Malay.