Dalilin da Bes Ke Ɓacewa Idan Ka Ƙara Akwati na Biyu

Ɗana, ka ce ka ajiye akwatin bes guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da ka kunna su tare sai bes ya yi rauni, bai ma kai na akwati ɗaya ba. Kuma idan ka zaga zauren, nan yana dukan ƙirji, taku uku gaba ya ɓace. Kana zargin amfilifaya. Ƙyale ta tukuna, da wuya a ce laifinta ne.

Takardar sifika idan ta fito waje tana matse iska, idan ta koma ciki tana sassauta ta. Wannan matsi da sassauci su ne igiyar sauti, suna gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. Inda igiyoyi biyu suka haɗu, jimillarsu kunne yake ji. Matsi ya gamu da matsi, ƙarfi ya ƙaru, har desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) idan akwatunan iri ɗaya ne kuma abu ɗaya suke bugawa. Matsi ya gamu da sassauci kuwa, sai su cinye juna, ga wuta tana ci, ga takarda tana rawa, amma babu sauti.

Kafin ka taɓa komai, je ka tsaya a tsakiya, inda nisanka da kowane akwati ya zo daidai. Idan a nan ne bes ya mutu, an juya waya, wato ɗaya yana turawa ɗaya yana ja. Kashe amfilifaya, ka zare wayar daga bayanta, ka ɗauko ƙaramin batir mai bolt 1.5. Ɗora baƙar waya a gindinsa, ka ɗan taɓa jar waya a kansa mai alamar ƙari, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Takardar za ta zabura waje. Yi wa ɗayan akwatin haka. Wanda takardarsa ta shige ciki, shi ne a juye, sai ka musanya wayoyinsa biyu. Kada ka yi wa tuwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wannan gwaji, koyil ɗinta, wato naɗin wayar da ke cikinta, siriri ne, ba ya jurewa. Idan takardun akwatunan duka sun fito waje, buɗe kan wayar XLR, mai ƙafa uku, da ke zuwa daga mikisa: wani lokaci mai walda ya sauya ƙafa ta 2 da ta 3 a gefe ɗaya, kuma illar ɗaya ce.

Idan kuwa tsakiyar ta cika da bes amma gefe-gefe akwai ramuka, wayarka lafiya lau, tazara ce matsalar. A nan lissafi yake, kuma ina so ka riƙe shi da ka. Raba 343 da yawan girgiza a daƙiƙa, wato Hz, za ka samu tsawon igiya a mita. Sautin 100 Hz tsawonsa mita 3.43, rabinsa kusan mita 1.7. Duk wanda ya fi kusa da akwati ɗaya da mita 1.7 a kan ɗayan, matsin wannan zai iso shi tare da sassaucin wancan, 100 Hz ya tafi. Na 50 Hz tsawonsa kusan mita 6.9 ne, don haka raminsa a wani wurin daban yake. Shi ya sa kowane taku yake da nasa bes.

Kada ka ce za ka cike ramin da ikwalaiza, na'urar ɗaga ko rage wani sashe na sauti. Idan ka ɗaga, igiyoyin biyu tare suke ƙaruwa, tare suke sake cinye juna, ƙarshenta koyil ya ƙone. Maganin shi ne ka haɗa akwatunan bes wuri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, tsakiyar wannan da ta wancan kada ta wuce rubu'in igiya, wato kusan santimita 86 a 100 Hz. A haka suna aiki tamkar akwati ɗaya babba. Bango ma yana yin wannan ɓarna: idan fuskar akwatin tana da santimita 86 daga bangon baya, sautin da ya je ya dawo ya yi tafiyar rabin igiya, zai zo ya danne na gaba. Matsa shi jikin bango sosai, ko ka nisanta shi ƙwarai.

Akwatunan murya kuma nasu daban ne. Igiya tana kewaye abin da ya fi ta ƙanƙanta, amma abin da ya fi ta girma yana tare ta. Bes mai tsawon mita uku zai lanƙwasa ya wuce ginshiƙi da taron mutane kamar babu su. Sautin 4,000 Hz, wanda ke sa a ji kalmomi tsaf, tsawonsa bai kai santimita 9 ba, kan mutum ɗaya ya ishe shi shinge. Don haka bes a ƙasa, akwatin murya a kan sanda, tuwitarsa sama da kan mutanen da ke tsaye, ka ɗan sunkuyar da shi ya dubi na baya.

Idan ka gama jeri, saka sautin gwaji na 63 Hz sannan na 100 Hz, a hankali ba da ƙarfi ba, ka taka zauren daga bango zuwa bango kana saurare. Inda ka ji rami, auna nisanka da kowane akwati da tef, ka ɗebe ƙaramin daga babban, ka gwada da rabin igiya.